Awadiyya Mai Maryala da Marayunta Masu Uba

A duk faɗin unguwar Umbadda ta Omdurman babu macen da ta ɗauki datti da zafi kamar Awadiyya matar Zubairu makanike. Kuma Umbadda ba ƙaramin wuri ba ce. Mutum ya hau bas daga wannan baki da sabon aski, kafin ya kai wancan bakin ya isa wani askin. Sauran mata in yaro ya ɓata riga sukan dungure masa kai su jefa rigar a baho, shi ke nan. Ita kuwa Awadiyya gaba take yi da datti, gabar da ba a sulhunta ta ko ranar Idi. An ce ƙuda ma in zai ratsa gidanta sai ya tsaya kan katanga ya karkaɗe ƙafafunsa tukuna.

Abin yana da asali. Kakanta ya baro Haɗeja da ƙafa zai je Makka, ya iso Omdurman ya ce bari ya ɗan huta, kuma har yau jikokinsa ba su gama hutun ba. Uwarta Kubura wanki take yi a gidajen manyan ma'aikata can tsallaken gada, don haka Awadiyya a bakin baho ta buɗe ido. Tana shekara bakwai ta san abin da mangwaro yake yi wa farar riga, ta san gwiwar wando ce take fara mutuwa, ta kuma san 'ya'yan masu kuɗi ma da hannun riga suke share hanci. Ta murza wuyan rigunan 'ya'yan mutane har zanen yatsunta ya goge. An ce ranar da aka zo yi mata katin shaida sau huɗu ana danna babban yatsanta a tawada, takarda tana fitowa sumul. Tun lokacin ta yi wa kanta alkawari: in Allah ya ba ta nata 'ya'yan, ba za ta bari datti ya shigo sannan ta tsaya kokawa da shi ba. A bakin ƙofa za ta tare shi.

Allah kuwa ya ba ta uku, Suhaib da Nabila da auta Tahir.

Ƙaninta Ado yana aiki a Jidda, shi ya aiko musu da kayan Sallah: jallabiya biyu farare ƙal, waɗanda in rana ta doke su sai ka kare ido, da rigar Nabila mai leshi hawa uku. Ita ta sa ya sayo manya, na shekara huɗu gaba, ta kalmashe ƙasan ta ɗinke. Kowace shekara in Sallah ta matso sai ta buɗe akwatin ƙarfe, warin kafur ya kori kyankyasai har na gidan maƙwabta. Ta auna yaro da igiya a tsakar gida, ta shiga ɗaki ta auna riga da igiyar, don kada yaro ya matso kusa da rigarsa ba dalili. Sannan ta warware kalmasa ɗaya.

Kada a yi mata ƙazafi, ranar Idi suna sa kayan. Ana sa musu a ɗaki a kan tabarma, ta ja baya ta kalle su ta ce masha Allah, sannan ta zura musu maryala a kai.

Maryalar nan ita ce ƙirƙirar rayuwarta. Riga ce ta sama, irin wadda masu tuya suke ɗaurawa a gaba, sai dai tata daga wuya har idon sawu take, gaba da baya, hannu har wuyan hannu. Da buhun fulawa take ɗinka ta, na yadi, wanda take karɓowa a gidan burodin layinsu. Takan dafa buhun sau biyu, amma rubutun jikinsa ba ya fita. Haka Suhaib ya yi ta yawo a Umbadda, yaro siriri kamar tsinken tsire, an rubuta kilo hamsin a bayansa. Nabila kuwa a ƙirjinta akwai gargaɗin a ajiye a busasshen wuri.

Ba a Idi kaɗai ba, kullum ne. Kayan makaranta ana rufe su da maryala har bakin ƙofar makaranta, a cire, a ninke, in an tashi a mayar. Sabon wando ba ya shiga ƙafar yaro sai ta yi masa faci a gwiwa tun bai yage ba, wai me za a jira. Mangwaro a gidanta a cikin baho ake shan sa, ba riga ba wando, ana gamawa a zuba ruwa. Miyar kuɓewa kuwa sai an ɗaura wa yaro tsohon zane a wuya kamar za a yi masa aski. Kowane ɗayansu yana da kwalinsa na zama da yake saƙale a hammata. Ko gidan biki suka je ba a zama sai an shimfiɗa kwali. Da Suhaib ya dame ta da kukan ƙwallo, ta yarda ya yi tsaron gida da sharaɗin ba zai faɗi ƙasa ba. Yaran layi sun ce a tarihin ƙwallon Umbadda ba a taɓa samun mai tsaron gida mai ladabi kamarsa ba: ƙwallo ta zo ya matsa mata ta wuce.

Da sojoji suka karɓi mulki, rediyo ya wayi gari yana cewa mu ci abin da muka noma, mu sa abin da muka yi da hannunmu, Awadiyya ta taɓe baki ta ce ita ta riga su da shekara biyar, ba kuma wanda ya ba ta lamba. Sukari ya koma sai da kati, sabulu ya koma sai ka san wanda ya san wani. Matan layi suka shiga yanka sabulu gida takwas kamar naman layya. Ita kuwa sanda ɗaya tana kai ta wata uku, sai ta riƙa ajiye shi kan katanga wai yana shan iska, alhali don Saratu ta gani ne.

Saratu ita ce maƙwabciyarta, katanga ɗaya. 'Ya'yanta shida, kullum buɗu-buɗu kamar an tono su daga rami, kullum kuma cikin dariya. Ita ta raɗa wa 'ya'yan Awadiyya suna 'yan buhu, sunan ya bi gari. Awadiyya ba ta damu ba, ko dai ta ce ba ta damu ba. Amsarta ɗaya ce kullum, cewa a ƙarƙashin buhun nan akwai abin da mijin wata bai taɓa gani ko a mafarki ba. Ba ta da zinare, gidan ma ɗaki biyu ne da rumfa. Abin da ta mallaka a duniya shi ne a ce 'ya'yan Awadiyya sun fi na kowa sutura. Matsalar kawai ita ce ba wanda ya taɓa ganin suturar, in ban da ɗan farin wuyan da yake leƙowa.

Saura Zubairu, bawan Allah. Shi giyar manyan motoci yake kwancewa a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji ta Khartum, aikin da baƙin mai yake shiga mutum har cikin tunani. Yana fita tun ana sallame asuba don ya samu bas, ya dawo rana ta faɗi. In ya dawo ba ya shiga ta tsakar gida kai tsaye. Akwai lungu bayan tulunan ruwa inda aka ajiye masa kananzir da toka da soso. Ya wanke, ya sake wankewa, sannan Awadiyya ta zo da farin ƙyalle ta goga masa a tafin hannu. Shekara goma ana wannan jarrabawa bai taɓa ci ba. Saboda haka dokar gidan ta zama taku uku: tsakanin yara da ubansu taku uku, ko da maryala ko babu, don a cewarta man giya yana ratsa buhu. Zubairu mutum ne mara hayaniya. Yakan ɗaga wa 'ya'yansa hannu daga nesa kamar gwamna a buɗaɗɗiyar mota. In ya sayo alewa sai ya ɗora kan murfin tulu ya ja baya, su zo su ɗauka su ce an gode Yaba, ya ce Allah ya yi albarka. Wani lokaci Awadiyya takan ga yadda yake bin Tahir da ido in yaron yana tsalle, sai ta kau da kai ta ce a ranta in sun girma za su gode mata.

Haka ake har azumin shekara ta huɗu da hawan sojoji, lokacin da Allah ya kawo Balarabe.

Balarabe ɗalibi ne daga Zariya, yana karatun shari'a a wata jami'ar Musulunci a Khartum, yaro mai tsoron Allah da saurin hawaye. Wata ƙungiyar taimako ta nemi ɗalibai masu jin Hausa su zaga unguwanni su rubuta sunayen marayu don a raba musu kayan Sallah, shi kuwa ya ba da kansa. Da rana tsaka ya shigo layinsu Awadiyya da littafi a hannu, ita ta tafi layin sukari. Sai ga yara uku a gindin katanga, sanye da buhu, kowa zaune kan kwali, gwiwar wando duk faci. Ya yi musu sallama suka amsa da Hausa. Nan take idonsa ya kawo ruwa.

Ya tsuguna ya tambaye su babansu. Tahir ya ce Yaba ba ya zuwa kusa da su. Nabila ta ce ita tun da ta yi wayo bai taɓa ɗaukar ta ba. Suhaib, da yake shi ne babba kuma an hana shi magana da baƙi, ya sunkuyar da kai kawai, wanda Balarabe ya ɗauka ciwon abin ne ya hana shi magana. Amma shi ɗalibin shari'a ne, ba ya hukunci ba shaida, don haka ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Saratu ta leƙo, ya tambaye ta halin da yaran nan suke ciki. Saratu ba ta yi ƙarya ba, wannan kam har abada za ta iya dafa Alƙur'ani. Ajiyar zuciya kawai ta yi, ta girgiza kai, ta ce, "Sai haƙuri, ɗana. Kai dai ka gani da idonka."

Ya rubuta: marayu uku, 'ya'yan marigayi Zubairu, sanye da buhu.

Kwana biyu bayan haka aka manna takarda a bangon ofishin kwamitin unguwa, da hatimi shuɗi a ƙasanta. Awadiyya ba ta sani ba sai da ta ga mata suna shigo mata gida ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ja tobinta, wato mayafinta, ta rufe rabin fuska. Saratu ce a gaba. Ta zauna bakin gado ta ce ashe haka abu ya faru, ita da take katanga ɗaya ba a gaya mata ba, ga shi ko da asubar nan ta ji tarin marigayin. Wata ta ce Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son 'ya'yansa daga nesa. Wata kuma ta ce ai abin farin ciki shi ne bana dai yaran za su samu riga, an ce ranar jajibiri za a kira sunansu a lasifika su fito gaban jama'a su karɓa, har da mai hoto.

Mutuwar da aka yi wa Zubairu ba ita ta fara soke Awadiyya ba, gaskiya dai gaskiya ce. Lasifikar ce. 'Ya'yanta, masu jallabiyar Jidda a akwati, a kira su gaban Umbadda a miƙa musu rigar sadaka. Ta yafa tobinta a karkace ta fita, ko ƙofa ba ta ja ba.

Shugaban kwamiti Ustaz Jibirin ne, wanda a da yake sayar da batir a kasuwa, gemunsa kuma sa'an mulkin ne, tare suka fito. Ya saurare ta har ta gama, yana jan carbi. Ya ce shi ya san Abu Suhaib, wato Zubairu, yana da rai, jiya ma tare suka sha ruwa a tabarmar layi, shi ya miƙa masa dabino.

"To ka goge mana, ya Ustaz."

"Ni na sani, Hajja. Takarda ce ba ta sani ba. Kuma an buga mata hatimi."

Ya bayyana mata cewa abin da hatimi ya hau ya fi ƙarfin kwamiti. Amma ranar Alhamis mai duba aiki na ƙungiyar zai zo ya ga marayun da idonsa, daga ƙarfe goma zuwa azahar, daga nan ya tafi da takardar. In tana so a cire sunan, ta kawo yaran ta kawo marigayin.

Zubairu da ya ji labari ya yi dariya har sai da ya ga fuskar matarsa. Ya ce ranar Alhamis akwai giyar wata babbar mota a buɗe, maigidansa ba zai sake shi tun safe ba ko da gawarsa ce ake nema da gaske, amma zai fito ƙarfe goma. Ta ce ya yi wanka a can, ya sa jallabiyar da za ta naɗe masa a jarida. Ya ce to.

Ranar Alhamis Awadiyya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe akwati saura kwana biyar Sallah, ta shirya yaran, ta ninke maryala uku ta sa a jaka. Suka fito layi haka nan, fari tas, ba rufi. Masu cewa sun ce wani mai keken jaki ya kauce hanya yana salati, ya zaci mala'iku ne. Yaran da kansu tafiya suke kamar masu ɗauke da ƙwai, hannuwa a buɗe nesa da jiki, ita kuma tana gaba tana kore awaki da sanda.

An kafa teburi a rumfar da ke gaban ofishin kwamiti, mata da yara cike da wurin, Saratu ta samu wuri a sahun gaba tun da sassafe. Mai duba aikin wani dogo ne mai tabarau, azumi ya cije shi, leɓensa ya bushe. Balarabe yana gefensa da littafi. Da aka kira 'ya'yan marigayi Zubairu, yara uku suka matso suna ƙyalli, wurin ya yi tsit. Shekarun da Awadiyya ta yi tana jiran shirun nan ke nan. Ta waiga ta tabbatar Saratu tana kallo.

Mai tabarau ya dubi takarda ya dubi yaran, ya ce waɗannan ba su ba ne, takarda ta ce sanye da buhu. Dole Awadiyya ta zaro maryala daga jaka ta ɗaga ta sama gaban jama'a, kilo hamsin yana kallon kowa. Balarabe ya ce lalle su ne, ya fara gane abin da ya aikata. Awadiyya ta ce to ga su, ba marayu ba ne, ubansu yana hanya.

Mutumin ya cire tabarau ya goge. Ya ce shekararsa tara yana wannan aiki, ya ga matan da suka kashe mazajensu a takarda don a ba su kaya, ya ga wadda ta kashe nata sau biyu a unguwa biyu, amma bai taɓa ganin wadda ta zo tayar da nata ba. Abin da bai taɓa gani ba kuwa ba ya yarda da shi da sauri. Ya juya ga Ustaz Jibirin ya tambaye shi ko ya san mutumin. Ustaz Jibirin, da yake sa hannunsa ne a ƙasan takardar, ya ce to, ya san wani mai kama da haka, amma Zubairu suna ne mai yawa.

Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta wuce. An tsare gada ana duba motoci, abin da aka saba. Rana ta taso ta cika rumfar, Awadiyya ta tsaya tana yi wa yaran fifita don kada gumi ya taɓa wuyan riga, ta hana su zama don an bar kwali a gida. Mai tabarau ya fara tattara takardunsa, ladan yana gyaran murya a lasifika. Sai ga wata tsohuwar motar yashi ta tsaya a bakin layi, wani abu baƙi ya diro daga bayanta.

Zubairu ne. Bas bai samu ba, wanka bai samu ba, jallabiyar tana nan cikin jarida a hammatarsa, jaridar ma ta yi baƙi. Daga hularsa har takalmi mai ne, ido da haƙora kaɗai suke fari. Ya nufo rumfar yana haki yana sallama. Yaran suna ganinsa, su uku a tare, ba wanda ya ce musu komai, suka ja da baya taku uku cif, ƙafa ɗaya, kamar sojojin da ake nunawa a talabijin.

Mai tabarau ya ajiye biro. Ya ce ya gama gani. Shi ma uba ne, in ya shiga gida 'ya'yansa har kayar da shi suke yi. Bai taɓa ganin ɗan da ya ga ubansa ya ja baya ba. Wannan mutum ɗaukar haya aka yi daga gareji, wataƙila wani dangi ne yake son hana marayu rabonsu, kuma Allah yana kallo. Sunaye suna nan, ranar jajibiri a kawo su. Zubairu ya laluba aljihu zai fito da katinsa, ya tuna yana cikin wandon gida. Ya tsaya hannu a sake, yana kallon matarsa. Wani ya tuntsire da dariya a baya.

Awadiyya ta dubi jallabiyar Suhaib, wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Ta dubi leshin Nabila hawa uku. Ta dubi hannun Zubairu, hannun da ta san shi fiye da kowa, don shekara goma tana kayar da shi a jarrabawa. Ta san man giya: ba sabulu, ba kananzir, ba lemon tsami, ba addu'a. Sannan ta dubi lasifikar da ke kan bango.

"Ku je ku gaida ubanku," ta ce.

Yaran suka ce ina wuni Yaba, daga inda suke.

"Ba haka ba. Ku je ku riƙe shi."

Ba wanda ya motsa. Suhaib ya kalle ta da gefen ido, ya tabbata tarko ne. Nabila ta tattare leshinta. Tahir ne, da yake shi bai daɗe a duniya ba balle ya san zurfin abin, ya ce, "Yumma, da rigar?"

"Da rigar."

Ya tafi da gudu ya rungume ƙafar ubansa, ya manna fuska da ƙirji a wandon aikin. Zubairu ya ɗaga hannuwansa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, yana ta kallon Awadiyya, don shi ma bai yarda ba tarko ba ne. Ta runtse ido.

"Ɗauke shi, Abu Suhaib. Mutane suna kallo."

Ya ɗauke shi. Ya ɗaga shi sama, ya ce ashe haka yaron nan yake da nauyi. Nabila ta saki leshi ta tafi, Suhaib ya bi ta, da farko a hankali, daga baya ya manta da kansa. Zubairu ya haɗa su duka uku ya ƙanƙame. Matan da ke kusa da Awadiyya sun rantse sun ji tana ƙirga wani abu a ƙarƙashin numfashi, wasu sun ce tasbihi ne, wasu sun ce yatsu take ƙirgawa a bayan jallabiya. Balarabe kuwa kuka yake wiwi, ya jiƙa rabin littafin marayu.

Mai tabarau ya ja layi uku a takarda. Ya daɗe yana tunanin abin da zai rubuta a gurbin dalili, can ya rubuta an samu uban. Ustaz Jibirin ya matso ya ce ai shi tun farko ya ce ya san fuskar.

Washegari Balarabe ya zo ba da haƙuri, da ledar dabino a hannu. Awadiyya ta karɓi dabinon, ta nuna masa baho a tsakar gida, kaya uku a jiƙe. Ta ce shi ya kashe mata miji, shi zai wanke. Ɗalibin shari'a ya naɗe hannun riga ya durƙusa tun hantsi har aka kusa kiran sallar Juma'a, da azumi a bakinsa, tana tsaye a kansa tana gyara masa riƙon sabulu. Zubairu yana zaune a bakin gado, ranar Juma'a ce ba aiki, Tahir a cinyarsa ya ƙi sauka, yana gaya wa Balarabe cikin tausayi cewa kada ya wahalar da kansa, shi ya san man nan, wanda ya zuba a giyar ma bai fi shi sani ba.

Man bai fita ba. Ya dai dusashe daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, amma yatsu biyar suna nan a bayan jallabiyar Suhaib ɓaro-ɓaro, wasu biyar a kafaɗar Nabila, na Tahir kuwa ba a maganar yatsu, taswira ce. Haka suka je Idi, Tahir a wuyan ubansa, Awadiyya tana biye da fuska a ɗaure kamar mai rakiyar gawa. A bakin layi suka yi kiciɓis da Saratu da rundunarta. Ta yi barka da Sallah, ta zagaya bayan Suhaib ta ƙare wa jallabiyar kallo, ta ce kayan Jidda kam sun yi kyau, amma wannan zanen fa, shi ma daga can aka yo shi?

Awadiyya ta gyara tobinta, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Hannun ubansu ne. In kina shakka ga shi nan, zo ki gwada."